Gwaibar Cikin Bokiti

Bayan Damba, Gusau,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Kawu Tukur, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Shafa'atu da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a cinikin albasa, ya tsare ka a hanya da cikin kasuwa, amin. Ni ce Halimatu Sadiya, ɗiyar ƙanwarka, wadda kake tsokana da Bebiya don ba na magana. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun da na gama firamare ban cika riƙe biro ba. Na zaɓi in rubuto ne saboda wayar gidanmu ɗaya ce, kuma tana aljihun Baba. Ko da an miƙo mini ita ma, ka san bakina ba zai buɗu ba. Mahadi direba da ke kai muku kaya ya yi mini alkawarin zai ba ka hannu da hannu.

Mu nan muna lafiya daidai gwargwado. Ciwon ƙafar Inna yana tashi yana kwantawa. Ƙanena Mubarak ya yi zazzaɓi da farkon damina, amma ya warware, har ya koma ɓarnarsa. Wansa Anas ya shiga izu na biyu. Gwaggo Hasana ta zo daga Kwatarkwashi ta kwana mana, ta ce a gaishe ka. Gero ya fara nuna, Baba ya ce bai kai na bara ba. Labarin ƙauyenmu na bayan Tsafe kuwa babu daɗi. Waɗanda suka koma noma sun ce sai an biya mutanen daji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Har yau babu wanda ya iya zuwa ya tsaya a kan kabarin Yaya Bashar tun da muka baro shi. Allah ya jiƙansa.

Kawu, abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar wurin da muke zaune. Kai ne ka roƙi Alhaji Bala ya ba Baba aron gefen gonarsa lokacin da muka gudo, don haka ka san yadda wurin yake a da. Tsakuwa ce da kwazazzabo, ko mai babur ba ya yarda ya kawo mutum idan an yi ruwa. Ka kuma san halin Baba a kan aro. Tun ranar farko ya tara mu ya ce ƙasar aro ba a dasa mata itace, ba a ɗora mata bulo, kuma duk kaka sai an kai wa mai ita dami, don kada wata rana 'ya'ya su tashi su ce tasu ce. Haka muka zauna duk shekarun nan, ɗakunan ƙasa da zana, rufin ciyawa da tamfol. Ko da ya sami halin sayen kwano sai ya ƙi.

Akwai wata 'yar gwaiba da ban sani ba ko ka san labarinta. Wani mutumin ƙauyenmu ne ya saci jiki ya shiga garin, ya tono wa Inna ita a ƙarƙashin gwaibar da Yaya Bashar ya dasa a tsakar gidanmu. Inna ta dasa ta a bayan madafa. Baba yana dawowa daga gona ya gan ta, bai yi faɗa ba, sai ya tone ta a hankali ya sa ta cikin wani tsohon bokitin fenti. Ya ce ta rayu, amma kada saiwarta ta taɓa ƙasar Alhaji. Ni nake ba ta ruwa tun daga lokacin, da ruwan da na ɗauraye kwanuka. Ta fi ni tsayi yanzu.

To bara sai aka kawo kwalta ta bi ta gaban gonar, aka yi magudanar ruwa, aka kafa turakun lantarki. Kafin mu ankara dillalai sun cika wurin, 'yan awon filaye suna ta kafa alamun siminti a cikin gero. Ƙasar da ko gyaɗa ba ta so, yanzu an ce fili ɗaya a cikinta ya fi kuɗin gonar gaba ɗaya a da. Inna ta ce Alhaji ya kwanta yana da tsakuwa ya tashi yana da zinariya, kuma bai ɗaga ko fartanya ba. Baba ya ce ta daina, arziki na Allah ne.

Wata ma'aikaciyar filaye, Hajiya Rukayya, ta zo makarantar Islamiyya ta tara mata, na raka Inna. Ta yi bayani yadda ko ni na gane. Ta ce kwaltar nan da kuɗin jama'a aka yi ta, har da na mai tuyar ƙosai, don haka bai kamata tsadar da ta jawo ta shige aljihun masu gonaki su kaɗai ba. Ta ce duk wanda zai yanka gonarsa filaye a bakin sabuwar hanya, zai bar kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk filin da aka sayar za a cire wani abu a zuba a asusu. Da wannan za a gina ƙananan gidaje masu ɗaki bibbiyu, a ja ruwan famfo, a yi ɗakin shan magani. Waɗanda aka tarar suna zaune a wurin su za a fara ba, su riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar haya har gidan ya zama nasu. Kawu, da ka ji guɗa ranar! Inna ta ce wa ta kusa da ita ta mintsine ta don ta tabbata ba barci take ba. Masu gonaki sun yi ta fushi. An ce Alhaji Bala ya ce ubansa ne ya sare dajin nan ba hukuma ba. Amma da suka ga ba za a ba su takarda ba sai sun yarda, suka yarda.

Daga nan mutane suka fara kafa bukkoki na ƙarya don a ƙirga da su. Sai kwamitin rabon gidajen ya ce zai duba alamar zama: ko itace mai saiwa a ƙasa, ko ginin bulo, ko kuma mai gona ya faɗa da bakinsa cewa zama ya ba mutum ba noma kaɗai ba. Maƙwabcinmu Malam Jatau shi ma aro yake, amma tun zuwansa ya dasa darbejiya da mangwaro, ya ɗora bulo. A da ana ce masa mara kunya, Baba har ya daina zama tabarma ɗaya da shi. Shi ne na farko da aka rubuta. Da ya zo wucewa ya ce wa Baba, yana dariya, wai kunyar nan tasa ita za ta kwana da shi a waje. Baba ya yi masa murmushi kawai.

Ranar da kwamiti ya zo gidanmu, tare suka zo da Alhaji Bala. Ina bayan zana ina jin komai. Suka tambayi Baba ko nan ne gidansa. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce shi baƙo ne, wuri na Alhaji ne, sun raɓa ne kawai kafin ƙauye ya lafa. Suka juya ga Alhaji, shi kuma ya ci gaba da danna wayarsa. Mai rubutun ya dubi zana, ya dubi tamfol, ya hango gwaiba a bokiti, ya yi dariya ya ce ai ko itacen gidan nan a shirye yake da tafiya. Sai ya rubuta mu a bukkar gona. Na so in fito in ce a ɗakin nan aka haifi Mubarak, a nan aka binne cibiyarsa. Amma ina nan bayan zana har suka tafi.

Yanzu Alhaji ya sayar da gefen da muke ga wani mai son gina shaguna. Ya aiko cewa mu girbe geronmu tukuna, ba zai tashe mu da amfani a tsaye ba. Ban ce mugu ba ne, Kawu, bai taɓa ɗaga mana murya ba. Baba ya nemi ɗakin haya har Wanke da hanyar Bungudu, ko'ina kuɗin ya tashi, na kusa da mu kuwa kwaltar ce ma ta tashe shi. Ya ce idan an kai dami za mu koma ƙauye, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Tun da ya faɗi haka Inna ba ta cin abinci sosai. Ina ganinta tana kallon Anas, ya fara tsayi irin na Yaya Bashar.

Da muka fara haɗa kaya na je in matsar da bokitin, ya ƙi ɗaguwa. Na duba sai na ga ƙasansa ya yi tsatsa ya huje, saiwa mai kaurin babban yatsana ta bi ta ramin ta shige ƙasa. Na kira Inna. Ta durƙusa tana kuka tana dariya, ta ce Bashar ne ya ƙi tashi. Ta bari sai da Baba ya ci abinci sannan ta nuna masa. Ta ce masa ga itace mai saiwa a ƙasa kamar yadda kwamiti ke nema, kuma ba mu muka dasa ba, Allah ne ya dasa. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce idan ya kai wannan gaban kwamiti, ya ci ƙasar mutum ta ramin bokiti ke nan, kuma gobe idan wani ya gudo daga daji da iyalinsa babu mai ara masa ko taku ɗaya na ƙasa. Ya ɗauko gatari ya sare saiwar. Inna ta shige ɗaki. Abin da ya fi damuna shi ne na rasa wanda zan ba laifi a cikinsu. Gwaibar ta zubar da ganye, saura kaɗan a sama, amma ban daina ba ta ruwa ba.

Ga abin da nake roƙonka. Inna ta haɗu da Hajiya Rukayya a bakin famfo, ta ce mata kwamiti zai dawo sau ɗaya bayan girbi don jin koke. Ta ce idan Alhaji Bala ya faɗa da bakinsa cewa zama ya ba mu, za a sa mu. Ba abin da zai ragu a nasa, don an riga an cire kashinsa. Sai dai ana cewa yana so ya sa yaran shagonsa a gurbin, ban san gaskiyar wannan ba. Baba ya ce ba zai je ba, mutumin da ya yi masa alheri ba zai koma masa da wata buƙata ba. Kai ne ka karɓo mana aron nan, a gabanka aka yi maganar, kuma kun yi kasuwa tare da Alhaji tun kafin a haife ni. Don Allah, Kawu, ka kira shi, ko ka biyo motar Mahadi ka zo idan da hali. Ka kuma yi wa Baba magana, yana jin nauyinka. Amma kada ka ce ni na rubuto. Inna ma ba ta sani ba. Ni ba gida mai kyau nake so ba. Ina tsoron hanyar Tsafe ne, ina tsoron a ce Anas ya tafi gona da safe.

Ka gaishe mini da Inna Shafa'atu, ka ce mata ina nan ina saka mayafin da ta aiko mini. Ka gaishe da Yaya Mansura da jaririnta, Allah ya raya shi. Ka gaishe da Nana Aisha, ka ce ta yi karatu da kyau ta yi har da nawa. Anas da Mubarak da sun san ina rubutu da sun ce a gaishe ka.

Saura abu ɗaya. A inda bokitin yake a da, guntun saiwar da ya rage a ƙasa ya tsiro, ganye ƙanana guda biyu. Ban san ko shaida ba ce ko laifi. Na kifa masa tsohon kwando saboda awaki, ban gaya wa kowa ba. Ta nan Baba yake bi duk safiya idan zai yi alwala. Jiya ya tsaya da butarsa a hannu, ya dubi kwandon ya daɗe, sannan ya wuce bai ɗaga shi ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ɗiyarka mai jin kunyarka,
Halimatu Sadiya.