Man Gwiwar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya aiki? Mu nan mun gode Allah.

Na ji saƙon da ka ba Inna, wai in mayar wa Baba kwalbarsa. Ba zan mayar ba. Tana cikin akwatina, makullin kuma yana wuyana.

Man wintagirin ɗin da ka aiko, ban ce ba shi da amfani ba. Yana ɗumama gaɓa, ƙamshinsa kamar cingam, har falo ya daina warin magani. Amma ka san mahaifinka. A jikin kwalbar an ce ɗigo kaɗan, a sirka da wani mai. Shi kuwa tsiyaya shi yake a tafin hannu zalla, ya mulke gwiwa, ya naɗe da tawul mai zafi, wai don ya ratsa ƙashi. Ya kuwa ratsa. Ka manta yana shan ƙwayar hana jini daskarewa? Ni da nake wanke masa kaya na fara ganin jini a hankici. Dasashinsa na zuba, cinyarsa duk jini ya kwanta. Likitarsa ta ce man da ƙwayar ba sa haɗuwa, ko an sirka, kuma in aka ci gaba jinin zai iya ɓallewa ta ciki.

Kira ni mai taurin kai, dama a gidan nan na gada.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Jinin ya tsaya. Maganar Baba da ni ma ta tsaya. In na kawo ruwa sai ya juya wa bango fuska, in yana son wani abu ya gaya wa Inna ta gaya mini, alhali ina tsaye a gabansa. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. A banɗaki nake kukana in fito da fuska a wanke.

Jiya na kama shi yana laluben ƙarƙashin gadona da sandarsa. Da ya gan ni ko kunya bai ji ba. Daga bakin Inna na ji ashe ba gwiwar ce damuwarsa ba, wai abu ne ɗansa ya tuna da shi ya aiko. Sai ya sa Inna ta ce in rubuta maka cewa man ya yi masa aiki sosai, don kada ranka ya ɓaci.

To, na rubuta nasa. Ga nawa: in ka sake aikowa, akwatina da sauran wuri. Gara ya yi ta fushi da ni yana numfashi. In kuwa kana son ya daina neman kwalba, ka ɗauki hutu ka zo ya gan ka.

Ina gaida kowa.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Auta