Baƙin Hull Sun Cinye Mini Gida, Surukata Kuma Za Ta Tafi da 'Yata

Anti Gwen,

Don Allah ki agaza mini kafin kaina ya juye. A cikin mota nake rubuta miki wannan, a ƙofar gidanmu, domin nan ne kaɗai wurin da ya rage mini da ba wanda zai leƙo ya tambaye ni inda ake ajiye tawul.

Bara muka taso daga Hull ta Ingila zuwa Maskat ta Oman, ni da mijina Neil da 'yarmu Maisie mai shekara tara. Aiki ya samu a wani kamfanin tace ruwan teku, muka kama gida a unguwar Sib. A walimar ban kwana da aka yi mana na yi abin da kowa yake yi, duk wanda na runguma sai in ce masa, "Lallai ku zo mana, akwai ɗaki." Ke ma kin san halinmu. Wa yake ɗaukar wannan maganar da gaske? Shekara da shekaru ina ce wa matar da gidanta ke kallon namu a Hull lallai ta shigo shan shayi, ita ma tana ce mini haka, kuma har na taso ba wadda ta san kalar kujerar wata. Ashe da zarar an ji akwai rana da teku a watan Janairu, kowa sai ya zama mai cika alkawari.

Tun da sanyi ya kama a gida ban sake ganin falona babu akwati ba. Ƙanwar Neil ta zo da 'ya'yanta uku. Suna tafiya sai ga Barry, abokinsa na kallon ƙwallo, wanda ya baje a rana tun ranar farko ya tashi ja wur kamar tumatir, ya ƙare hutunsa yana nishi a kan doguwar kujera. Har da wata Pauline da muka taɓa aiki tare, wadda ko gaisuwar kirki ba ma yi, ta zo mini da miji. Kowa zai miƙo kwalin ganyen shayi ɗaya yana murmushi, shi ke nan ya fita hakkina. Kuma kowa sai an kai shi wuraren nan dai: kasuwar Matrah, hamada ya hau raƙumi a ɗauke shi hoto, bakin teku kallon kunkuru. Ina jin kunkurun nan sun gane motarmu yanzu. Juma'a da Asabar ɗinmu duk a kan titi suke ƙarewa. Idan aka ce, "Ba mu takura muku ba ko?" sai in ji bakina yana cewa, "Haba, ai daɗi muke ji," sannan in shige banɗaki in ciji tawul.

Ɗakin Maisie muke ba baƙi, tunda ɗayan cike yake da kwalayen da har yau ba mu buɗe ba, su rigunan sanyi da injin yanke ciyawa da Neil ya rantse za mu buƙata. Ita kuma tana kwana a katifar iska a gefen gadonmu.

Sai kuma maƙwabta, waɗanda na kasa gane kansu. Gidan da muke haɗa katanga akwai wata Shamsa, ana ce mata Ummu Hilal, tana da 'ya sa'ar Maisie mai suna Muzna. Da farko abin gwanin sha'awa. Yaran suka shaƙu, ita kuma tana ta aiko mana da abinci, yau shinkafa da kifi, gobe halwa, irin alawarsu ta nan. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar banza ba. Duk farantin da ya zo sai na wanke shi tas, na goge, na ɗora katin godiya mai hoton furanni a kai, na ajiye mata a bakin ƙofa don kada in dame ta da ƙwanƙwasawa.

Ran nan da la'asar, mun dawo daga teku ke nan, yashi ko'ina, rigunan wankan mutane a shanye a kan kujeru, sai ga ta da kanta, ba waya ba saƙo, ta riƙo butar gahawa, Muzna a bayanta. Ta ce, "Ummu Maisie, na ce bari in leƙo in ga ko kuna raye." Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata fara'a iyakar iyawata, na ce wallahi na ji daɗi, sai dai yau gidan a hargitse yake, bari in duba kalanda. Na ba ta wata Alhamis a wata mai zuwa, wadda ita ce kaɗai babu baƙo. Ta kwashe da dariya ta ce, "Alhamis ta wane wata? Ni da nake jin tarinki ta katanga?" Da ta ga ni ba dariya nake ba, sai ta ce in Allah ya yarda, ta juya da butarta. Alhamis ɗin ta zo, na gasa kek, ba ta zo ba. Ki faɗa mini, wa aka yi wa rashin kirki a nan?

Sau ɗaya ta sake aiko abinci bayan haka, shi ke nan ɗif. Farantin ma yana kan firjina har yanzu, domin katunan godiyata sun ƙare, ina jiran baƙi na gaba su taho mini da wasu. Muzna ta daina shigowa. A tsakiyar azumi, da yammar da yaran unguwa suke cin ado suna bin gidaje ana ba su alawa, mu muna loda su Pauline a mota za mu kwana a hamada. Maisie ta manna fuska a gilashi tana kallon Muzna da ƙawayenta har muka sha kwana. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu ga babbar matsalar. Surukata Sheila ta zo, ita ce a ɗakin Maisie. Shekaranjiya ta ajiye kofin shayi ta ce, "Ba shisshigi nake ba, 'yar nan, amma yarinyar nan ba ɗaki ba ƙawa, kullum tana bayan mota kamar kaya. Ku ba ni ita ta ƙarasa firamare a gida, kwa riƙa ganinta da hutu." Ashe har ta yi magana da tsohuwar makarantar Maisie, sun ce akwai gurbi, amma suna son amsa kafin ƙarshen wata, lokacin da ita Sheila za ta koma. Na juya wajen Neil, sai ya ce, "Duk yadda kika ce daidai ne," ya ɗauki makullinsa ya tsere ofis. Na tambayi Maisie, ina zaton za ta ruƙunƙume ni. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Mama, ai a gidan Kaka ina da gado."

Anti Gwen, don ita muka taso, don ta samu rayuwar da ta fi ta Hull. Yanzu in bar ta ta bi kakarta? Ko mu tattara duka mu koma, tunda mutanen nan ba sa son mu? Kuma yaya zan tsayar da baƙin nan ba tare da an ce mun samu wuri mun fara girman kai ba? Akwai wasu huɗu a hanya.

Taki,
Mai Otal Ba Da Son Ranta Ba, Sib

*

'Yar uwa,

Na karanta wasiƙarki ina dafe da kai. Da na zo wurin katin godiya mai furanni sai da na tashi na zaga ɗaki na dawo. Na daɗe a ƙasar nan, na ga namu sun yi abubuwa iri-iri, amma ke kin haɗa su duka a gida ɗaya.

Ga amsar babbar tambayarki tun yanzu: kada ki bari Maisie ta tafi a ƙarshen watan nan. Yarinyar ba ta ƙi Oman ba, ai ba ta zauna a cikinta ba tukuna. Ku ma haka. Kun canja ƙasa, amma Hull kuka kwaso kuka zuba a falo, kuna ta yi mata hidima. Ba na ganin laifinki duka. Shekarar farko akwai kaɗaici, kuma muryar gida tana da daɗi ko da ta Pauline ce. Su ma baƙin ba su yi ɓarna ba, kiran su kika yi, kuma kullum kina rantse musu daɗi kike ji. Amma lokacin da ya kamata ku san unguwarku, ku san mai shago da mai wanki da iyayen 'yan ajin Maisie, shi kuka ƙarar wajen gaida kunkuru.

Sheila ma kada ki riƙe ta a rai. Abin da ta gani gaskiya ne, maganin ne ta kuskure, kuma ta manta a gadon wa take kwance lokacin da take cewa yarinya ba ta da ɗaki. Ki gode mata, amma ku ba kanku zango ɗaya na karatu. Idan bayan nan Maisie tana nan yadda take, sai a sake zama, kuma a lokacin maganar komawarku ku ukun ce, ba ta raba yarinya da iyayenta ba. Neil ne zai faɗa mata wannan, ba ke ba. Uwarsa ce, Barry ma abokinsa ne. Wannan "duk yadda kika ce" ɗin ba kirki ba ne, gudu ne, kuma ki gaya masa ni na ce.

A wannan satin ki mayar wa Maisie ɗakinta. Ku fitar da kwalayen nan, injin yanke ciyawa ya tafi inda ake da ciyawa, Sheila ta koma can. Mutum huɗun da ke hanya kuwa, ki aika musu sunan otal mai kyau kusa da ku, ki ce za ku ci abincin dare tare sau ɗaya, ga lambar mai mota da zai kai su hamada. Wasu za su yi fushi. Waɗanda suke son ku za su zo duk da haka, waɗanda rana suke so za su gano suna da wani ɗan uwa a Sifen. Daga yanzu ku ware wata ɗaya a shekara na baƙi. Duk wanda ke shirin tasowa yana karanta wannan, ya riƙe bakinsa a walimar ban kwana, ya ce sai mun zauna tukuna.

Saura Ummu Hilal, wadda kike cewa ba ta son ku. Haba 'yar uwa! Ki tsaya a inda take ki duba. Ta yi ta aiko miki da girkin hannunta, faranti yana dawo mata wayam, an ajiye a ƙasa a bakin ƙofa, da 'yar takarda a kai. A nan ba a mayar da faranti babu komai a ciki, ko dabino ne sai an zuba, kuma hannu da hannu ake miƙawa. Duk da haka ta ɗauko gahawarta ta tako da ƙafarta, ta kira ki da sunan 'yarki, wanda girmamawa ce, kika tare ƙofa kika ba ta rana kamar mai son ganin likitan haƙori. A wurinki ladabi kika yi, na sani, kunyar yashi da rigunan wanka ce ta kama ki. A wurinta kuwa ce mata kika yi kada ta ƙara zuwa, shi ya sa ta janye 'yarta don kada su dame ki. Ba falonki ta zo dubawa ba. Ke ta zo gani, a lokacin da gidanki yake cike da mutanen da teku suka zo gani. Kuma bayan duk wannan ta sake aiko miki da abinci. Mutumin da ba ya son ki ba ya yin haka.

Saboda haka ki sauko da farantin nan daga kan firji. Ki sa Sheila ta gasa biskit ɗin man shanu irin na gida, ki cika shi har ya yi tozo, ban da kek mai giya, ban da kati. Gobe bayan la'asar ku je ku uku, ke da Maisie da Sheila, ba waya ba kalanda. Ki tafi da Sheila musamman, domin a nan tsohuwa tana da daraja, za a zaunar da ita a wuri mafi kyau, kuma gara ta ga da idonta abin da take shirin raba jikarta da shi. Ku cire takalma, ku zauna, ki ci abin da aka ajiye miki, idan gahawa ta ishe ki ki ɗan girgiza kofin. Ki ce mata ke baƙuwa ce, ba ki san yadda ake yi ba, ta koya miki. Kada ki kalli agogo. Idan kuma ta biyo ki gida jibi ta tarar da wanki a kan kujera, ki ture shi gefe ki ce bismillah.

Ban yi miki alkawarin komai zai gyaru a yini ɗaya ba. Amma yarinyar da take da gadonta da ƙawa a bayan katanga ba ta cika neman jirgi ba. Ki bar Maisie ta riƙe farantin, ita za ta ƙwanƙwasa ƙofar. Ina yi muku fatan alheri, ke da ita, har da Neil idan ya fito daga ofis.

Anti Gwen