Wa Zai Riƙe Wuta Bana?

Talata, 20 ga Agusta

Da hagu nake rubutun nan, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Tun da ɓarin jikina ya shanye, hannun dama sai kallo.

Dogo, abokina tun muna gareji ɗaya, ya bugo waya. Wai sabuwar masara ta fito, ran Asabar za su zo gashin da muke yi a bayan gidana duk shekara war haka. Na ce bana a bari. Ya ce ai ya riga ya sayi gawayi.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na ce wa maman yara ta hana su. Ta ce ita ba 'yar aike ba ce.

Asabar, 24 ga Agusta

Sun zo. Dogo da kifi, Tela maƙwabcinmu da ɗanyar masara da albasa. Shekara da shekaru ni ke riƙe wuta, yau an ajiye ni a kujera ƙarƙashin bishiya kamar baƙo.

Dogo bai iya ba. Ya ɗora kifi tun wuta na ci, fata ta manne a wayar gashi. Na kasa daurewa. Na ce ya bari garwashi ya yi fari tukuna, ya shafa wa wayar mai. Muryata ta fita a karkace, amma babu wanda ya ce in maimaita.

"To ga oga ya farka," in ji Dogo. "Kai dai faɗi, mu ne hannunka."

Sun yi ta min tsiya, wai mai gasa kifi yanzu shi ake kai wa gashin ƙashi asibiti. Na yi dariya har yawu ya zubo. Na goge. Ba wanda ya kau da kai.

Da aka zo ci, ƙaya ta gagare ni. Ina ta fama da hagu, sai Tela ya musanya farantina da nasa, ya riga ya cire ƙayar tas, bai ko katse labarin da yake bayarwa ba. Raina ya ɗan sosu. Na cinye.

Lahadi, 25 ga Agusta

Rigata har yanzu warin hayaƙi. Na hana a wanke. Alhamdulillahi.

Laraba, 28 ga Agusta

Iska ta yi sanyi yau da safe, an shigar da murhu ɗakin ajiya.

Na ɗauki sanda na taka har shagon Tela, karon farko da unguwa ta gan ni haka. Na kai masa rigunana ya cire maɓallai ya sa zif. Ba wai na haƙura da hannun ba ne. Maman yara ce nake tausayi, kullum ita ke ɓalla min.

Ya jawo min benci. Na zauna har la'asar.