Ramukan da Ban Rufe Ba

Zuwa ga Uwale, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Zuhura da jaririnta. Ni dai da sauƙi, sai gwiwar nan. Kimba tela ke rubuta mini, zai ɗauki hoton takardar da salularsa ya aiko. Na ce kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Kin tafi yi wa 'yarki wankan jego, arba'in ta wuce tuni. Kullum na aika, sai a ce wai da nisa. To, asiri ya tonu. Kimba ya taɓa hawa jirgin nan, ya rantse mini daga filin jirgin Abijan zuwa na Yamai bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Ashe ni mai zuwa Korahane a kan jaki na fi ki daɗewa a hanya!

Hadari na haɗuwa gabas kullum, na kasa zama wuri ɗaya. Kin san tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa sarar rami wata ta jefa mini iri ba. Zalika matar ƙanena ta ce za ta bi ni, ita da ke watsa gero kamar tana ba kaji. Ruwa na sauka zan sa a kira ki. Ki hau jirgi da hantsi, mu yi shuka da yamma.

Ki gaida mutanen gida.
Mijinki, Bubakar.

Zuwa ga Uwale, gidan yayanki Alhusaini a Yamai.

Gaisuwa da ban gajiya. Ina fatan kin sauka lafiya, iska ba ta juya miki kai ba.

Ruwa ya sauka shekaranjiya. Jiya da aka ce kin hau jirgi, na saɓa sungumi na tafi gona, na sassare ramuka, na zauna gindin aduwa da ƙwaryar iri ina duban hanya. Kowa ya shuka ya koma gida. Sai gab da magariba ga Kimba yana sosa ƙeya, wai ai jirgi a Yamai yake ajiye mutum, daga can sai kar, babbar motar hayar nan, yini guda cur. Wannan bai taɓa faɗa mini ba. Ga shi nan yana rubutu yana dariya, ban yafe masa ba. Wane irin abu ne zai ƙetare ƙasashe kafin la'asar, ya kasa ƙarasowa Dakoro?

Ƙasa na bushewa. Yau dole na bar Zalika ta jefa irin, ina kallo raina na tafasa. Amma layin gindin aduwa na hana ta taɓawa. Ramukan na nan buɗe, ina ɗauko ruwa a bidon roba ina zuba musu, mutane na cewa tsoho ya zautu. Su ce.

Ki kama kar ɗin asuba. Kada ki tsaya gaishe-gaishe a hanya. Ki sauka bakin gona, kayanki su iske ki daga baya.

Allah ya kawo ki lafiya.
Bubakar.