Jan Zare a Bakin Gwado

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Amina, a makwancinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ban cika yi miki ba lokacin da kike raye, ina sanar da ke cikin jimami cewa an yi juyin mulki a cikin adakarki. Ɓera ne ya karɓi ragama. Bai yi jawabi a rediyo ba kamar yadda sojojinmu suka saba, amma shi ma da kayan talaka ya fara. Ya cinye kusurwa guda ta gwadon da kika saƙa mini.

Za ki ce me ya kai ni buɗe adaka bayan shekarun nan, ni da na ce gwado kayan ƙauye ne. Wata mujallar Faransanci ce, wadda wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, na bakin gada ya ara mini. A ciki akwai hotunan wasu mata na wata ƙasa mai duwatsu, can bayan teku, ana ce mata Gwatemala. Sunan mutanen Maya. Kada ki yi a'uziyya, Inna, ba mayu na ce ba. Masaƙa ne.

Da kin gan su da kin tsaya kallo. Mace ta durƙusa a ƙasa, ta ɗaure bakin zare ɗaya a jikin itace, ɗayan kuma a ƙugunta, sai jikinta ya zama rabin masaƙar. In ta jingina baya zare ya miƙe, in ta sunkuya ya saki. Rigunansu ja da shuɗi da rawaya, da tsuntsaye da ƙananan duwatsu a saƙe. Marubucin ya ce kowane gari da irin adonsa, har mutum kan dubi rigar mace a kasuwa ya faɗi garinsu tun ba ta buɗe baki ba. Ya ce su ma sojoji sun sa su gaba, har matan da suka gudu suna tuɓe rigunan su ɓoye, don kada riga ta tona inda suka fito.

Na yi ta jinjina kai ni kaɗai a tsakar gida. Na ce ka ji mutane masu hikima, suna rubutu da zare. Har na ɗauki alƙalami zan shirya wa 'yan lakkwal, yaran makaranta, darasi a kansu. Da na miƙa hannu zan ɗauko ƙamus, sai na tuna da wane katako aka yi kantar littattafan. Itacen masaƙarki ne. Ni na ba kafinta, kwana arba'in bayan mun kai ki.

Inna, akwai abin da na riƙe ki da shi a zuci fiye da shekara arba'in, kuma yau zan faɗa. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Na san al'ada ce, ɗan fari sai kunya. Amma ni da na yi karatu a birnin Paraku na dawo da wando mai kari, sai na sa wa al'adar suna daga littafi, na ce rashin ƙauna ne. Ƙanwata Rabi kina kiranta, kina yi mata kirari, kina tsefe mata kai a cinyarki. Ni kuwa ina ƙarami “wancan yaro” ne, da na girma na koma “Mushe”, kamar yadda 'yan aji ke kiran malaminsu da Faransanci. In na shigo gida kina saƙa, ba ki ɗago kai. Sai dai in ji bugun takobin itacen masaƙa ya ƙara sauri.

Kin tuna ranar 'yancin kai? An ce malaman makaranta su jagoranci yara fareti. Kin yi wata biyu kina kaɗi, yatsunki fari fat da alli, kika saƙa mini ƙyalle, kika kai wa tela ya ɗinka riga. Ba ki ba ni hannu da hannu ba, a kan gadona na tarar da ita. Na ɗaga, na ga wani jan zare a bakinta: ya tafi kamu ɗaya, ya nutse, ya sake ɓullowa a karkace. Na fito ina dariya, na ce ko lissafin zare ya ɓace miki ne. Na sa kaki na tafi fareti.

Abin da kika ce kawai, kina kallon bango: “Wanda ya iya karatu shi karanta.”

Na ɗauka baƙar magana ce, har na yaba miki a raina.

Da juyin juya hali ya zo, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai tallan albasa. Aka ce a daraja kayan gida. Wa aka zaɓa ya yi jawabi a bakin kasuwa kan audugar ƙasa? Ɗanki. Na yi awa guda ina zuba Faransanci, sanye da taguwar kanti da ke manne mini a baya don gumi. Na hango ki can bayan masu kifi, da zanenki na saƙi. Da na dawo kika ce wa Rabi, yadda zan ji: “Ki ba Mushe ruwa, ya sha wuyar yabon auduga.”

A damanar nan kika ba ni gwadon. Shi ma da jan zaren nan a bakinsa. Na ninke na ajiye.

To, ranar Lahadi da ta wuce na ɗaure shi a bayan keke, na nufi ƙauyen Garu wajen ƙawarki Gwaggo Dije, ko za ta san mai gyara. Ta tsufa ƙwarai, Inna, idanun sun tafi. Na same ta a inuwar rumbu, jikoki na shanyar albasa. Na yi sallama, ta ce: “Wane ne? Muryar ɗan boko nika ji. Ka zo koya muna daka da turanci?” Ban faɗi ko ni wane ne ba, na ɗora mata gwadon a cinya.

Ta bi shi da yatsu a hankali, kamar mai jan carbi. Da ta kai baki sai ta tsaya. Ta ce: “Wanga hannun Amina ne. Kai kuwa Sani ne, ja'iri.”

Na tambaye ta yadda ta gane. Ta ce ai ga ni nan a rubuce. Ta ce ranar da aka raɗa mini suna Sani, sunan kakana, da mata suka dame ki da tsokana wai ki maimaita, kika rufe fuska kika ƙi. Da kika yi arba'in kika koma masaƙa, sai kika sa zaren nan a majanyin da za ki goya ni da shi. Ta tambaye ki mene ne wannan, kika ce: “Shi ne.” Ta ce ba ki taɓa sa shi a zanen sayarwa ba, ko na Rabi, ko na Baba. Majanyina, da zanen kaciyata, da rigar fareti, da wannan.

“Ita ba ta da bakin hwaɗi,” in ji Gwaggo, “ta hwaɗa da hannu. Kai da littattahwanka duka ba ka gani ba? Mi anka koya muku can?”

Na tambaye ta ko akwai mai gyara gwadon.

Ta ce babu mai gyara shi. Yadda zaren ke nutsewa ya ɓullo, ke kaɗai kika san lissafinsa, kuma ba ki koya wa kowa ba, tunda ba na kowa ba ne. Ta ce in bar shi haka, in daina ninke shi.

Na turo keken da ƙafa har garinmu Malanbil. Babura suna wuce ni, masu shinkafa suna yi mini sannu, ban san me na amsa musu ba.

Gidan yanzu shiru, Inna. Uwar 'ya'yana ta riga ta biyo ki, Rabi na Gaya da jikokinta, yaran suna Kwatano, sai wasiƙa sallah sallah. Gari duka Mushe ake ce mini. In na zauna bayan la'asar a inda kike kafa masaƙa, sai in ga ashe tun da kika tafi ne aka daina kirana a gidan nan.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya tufatar da ke da tufafin Aljanna. Ya gafarta miki, ya sa ki yafe mini. In ya haɗa mu a can, ba sai kin ɗago kai ba. Zan zo in zauna kusa.

Na ce ba ki ƙaunata. Ni na yi kure.

Ɗanki na fari,
Sani