Fuskar da Ke Ƙyauren Motar Baba

Colón, 17 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Cleveland,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka ciwon gwiwar nan kafin sanyin Brooklyn ya kankama, Ya kuma sauki 'yarka Yolanda lafiya, tun da na ji watanta ya kusa. Mu nan lafiya lau, sai ruwan saman da ka sani, wanda ba ya neman izinin kowa. Hawan jinina ya ɗan lafa. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa na ji, na dawo gida na ci kifina yadda na saba. Ɗana Rigo da matarsa suna nan ƙalau, 'yarsu ta fara takawa, ba abin da ta bari a kan tebur. Gwaggo Ivy kuma ƙafa ta ƙi, amma bakin yana nan daram, jiya ma sai da ta wanke mai kawo gas tas don ya taka mata fure.

Na zaɓi in rubuto da hannuna ne saboda a waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana. Kana fara cewa Yaya ki saurara, shi ke nan, sai kuɗin kira ya ƙare ina sauraro. To yau kai za ka saurara. Maganar bas ɗin da Baba ya bar mana ce, ni da kai, wadda Rigo ke tuƙawa, da kuma saƙon da ka aika masa a bayan idona cewa tun da motar ta shiga fenti, a goge fuskar da ke ƙyauren baya a sa wata. Ka san kowane jan shaiɗan, wato bas ɗin hayarmu masu ado da fenti, da ke bin hanyar Colón da fuskar ƙyaurensa ake saninsa, wani mawaƙi, wani ɗan dambe, wani uwarsa. Tamu kuwa tun kana sa gajeren wando Sufeto Prescod ne, jami'in binciken nan na littattafan da muka karanta har bangonsu ya fita, kuma a fuskar Don Ovidio Lashley, wanda ya fito a matsayinsa a talabijin. Motar ta canja sau biyu, ƙyauren bai canja ba, Baba da kansa yake kwance shi ya ɗaura wa sabuwa. Shi ne kai, daga can inda kake zaune gaban na'urar ɗumama ɗaki, ka ga ya dace a sa yaron nan Tadeo Villalaz na sabon shirin da ake kallo a waya.

Kada ka ce ban kalla ba, na kalla har ƙarshe don kada in zalunci kowa. Cleveland, wannan ba Prescod ba ne. Prescod ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa kafin ya shiga aikin ɗan sanda, baƙi ne ɗan unguwarmu, mai tumbi, mai malafa da lema, bai taɓa riƙe bindiga ba. Aikinsa shi ne ya shiga kicin ɗin mata ya karɓi magogi ya zauna yana goga musu kwakwa, suna hira, kafin shinkafa ta nuna an gaya masa wanda ya yi kisan ba tare da an sani ba. Haka Don Ovidio ya yi shi, har da yadda yake lasar yatsa kafin ya yi tambayar da za ta kama mutum. Ka manta yadda mutanen bene guda suke cika falonmu ranar Alhamis, Mama tana korar ku daga gaban akwatin? Ko fim ɗin da 'yan Mexico suka yi daga baya, wanda suka ba wani mawaƙi mai gashin baki, yana cikin duba gawa sai ya ɓarke da waƙa, mun yi dariya mun yafe masa, don aƙalla ya bar masa lemarsa. Amma wannan na yanzu fari sol, siriri, rigarsa a buɗe har cibiya, daga ya dira daga rufin gida sai ya sumbaci matar mamaci. Kicin sau ɗaya ya shiga, shi ma don ya fasa taga ya fita. Sun ɗauki sunan mutum sun jefar da mutumin.

Ban san abin da kuka ƙulla ba sai ranar Litinin ta makon jiya, da na kai wa Maestro Tacho abinci a filin da yake fentin motoci. Shi ne ya zana ƙyauren tun farko, yana saurayi a lokacin, yanzu kansa ya yi fari fat. Ina shiga na tarar an kwantar da ƙyauren a kan ganguna biyu, Rigo ya duƙa a kai da samfefa. Daga malafa har zuwa karan hanci ba komai sai ƙarfe, baki da haɓa kawai suka rage. Kwanon da ke hannuna ban san lokacin da na dire shi ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da rabona da shi tun ranar da muka binne Baba. Maestro ya ce shi ya ƙi sa hannu, ya gaya wa Rigo wanda ya haifi abu ba ya yanka shi. Rigo kuwa sai kame-kame, wai Kawu ya ce rabin motar nasa ne, wai baƙin da ke sauka daga manyan jiragen ruwa sabon suka sani, su ne masu ɗaukar shata su yi hoto, tsohon kuma ba wanda ya san shi sai masu hawan jini. Na ce masa ashe rabin kawun naka daga hanci zuwa sama ne, to ya karɓi rabonsa, saura nawa, kuma duk wanda ya taɓa haɓar nan zai san ni na haife shi.

A take na tsayar da wata a-kori-kura, aka ɗora ƙyauren aka kai mini gida, na sa aka hau da shi bene, na ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfen baranda. Mota ba ta hawa titi ba ƙyauren baya, saboda haka ta zauna. Na san abin da hakan ke nufi, ba sai ka gaya mini ba. Rigo ba ya fita aiki, matarsa ta daina gaishe ni da fara'a, ga matan cocinmu sun riga sun kama motar za ta kai su Portobelo ranar ashirin da ɗaya ga wata don bikin Baƙin Almasihu, kullum sai shugabarsu ta aiko a tambaye ni. Maganar ta zagaye tasha. A rumfar abincin da direbobi ke taruwa har an rabu gida biyu, tsofaffi na Don Ovidio, samari na Tadeo, sai wani mashayi guda da ya tsaya kai da fata wai mawaƙin Mexico ya fi su duka. In na wuce sai su ɗaga murya, wai ga Sufeto Eudora nan, a ɓoye samfefa. Wani ma cewa ya yi in ƙyauren nake so haka, in sa masa taya in riƙa ɗaukar fasinja a kai. Na ce masa in na sa, zai riga tasa motar isa Sabanitas.

Abin da ya fi damuna ba bakin mutane ba ne. Maestro ya ce ba zai iya mayar da fuskar ba. Hoton da ya kwafa a wancan zamanin ambaliya ta tafi da shi, waɗanda ke cikin waya kuma duk dishi-dishi ne, kuma shi a tsarinsa bai taɓa zana idon da bai gani sosai ba, ba zai fara da tsufansa ba. Na dawo na zauna a baranda ina kallon rabin fuska, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka. Gwaggo Ivy ce ta leƙo ta ce in daina jiƙa mata bene, Don Ovidio ai bai mutu ba, yana Cativá wajen 'yar ƙanwarsa, suna haɗuwa a asibitin ido. Na ce shekara da shekaru ba ki taɓa faɗa ba, ta ce wa ya tambaye ta.

Washegari na dafa shinkafa da kwakwa, na soya kifi, na tafi. Cleveland, tumbin nan duk ya tafi. Wani ɗan tsoho na tarar a kujera a bakin ƙofa, rigarsa ta yi masa yawa, amma yana buɗe baki na ji muryar da ke sa falonmu yin tsit. Ya dubi kwanon ya dube ni, ya ce da ganin wannan akwai abin da nake so ya faɗa, shi ya ƙirƙiro dabarar, ba za a yi masa ita ba. Na zayyana masa komai, har da sunanka. Ya ce ya san motar, in ya hango ta takan sa ya gyara zama. Game da sabon shirin kuwa, ya ce ba wanda ya neme shi ko da gaisuwa, amma ba ya jin haushin yaron nan Tadeo, kowa da abin da aka ce ya yi. Na ce ni ina ji, kuma na isa in ji a madadinmu mu biyu. Ya yi dariya har da tari, ya ce a miƙo masa malafarsa.

Na sa aka sauko da ƙyauren aka mayar filin Maestro, na ɗauko Don Ovidio a tasi. Rigo yana wurin, ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon ya daɗe yana duban abin da ya rage na fuskarsa, sannan ya tambayi wa ya goge. Rigo ya amsa da ƙyar. Sai tsohon ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, bai goge fuskar kowa ba, hoda ya goge. Ya sa hannunsa kusa da haɓar da ke jikin ƙarfen don mu gani da idonmu, kuma wallahi launin ba ɗaya ba ne, ko kusa. Ya ce duk ranar ɗaukar shirin sai an zaunar da shi an shafe shi da hoda tun daga goshi har wuya da bayan hannu, wai na'urar ɗaukar hoto ba ta ganin baƙi kamarsa, wai masu talla ba za su so ba. Ya ce ya haƙura ne don in ya ƙi, wani za su ba, kuma gara Prescod mai hoda ɗan Colón da wanda bai san ƙamshin tasha ba. In ya koma gida matarsa ce ke wanke masa, ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Mu kuma muna falo muna tafi, muna cewa ga namu, ba mu san sai da aka rage shi aka ba mu ba. Har Maestro bai sani ba, abin da ya gani a hoto ya zana.

Don Ovidio ya ce in za a zana shi, sharaɗinsa biyu, ba hoda, kuma a bar masa shekarunsa, don Prescod ma ai ya isa ya tsufa. Maestro ya miƙe tsaye. Ya jawo gwangwanayensa ya fara haɗa launi, yana ɗiga kaɗan a bayan hannun tsohon yana dubawa, ya ƙara wannan ya rage wancan, har sai da ya ɗiga muka nemi fentin muka rasa. Ragowar haɓar nan da na yi rantsuwa a kanta, ni da kaina na ce wa Rigo ya ƙarasa goge ta. Kwana uku ina kai tsohon ina dawo da shi, yana zaune a inuwa riƙe da lema yana ba masu gyaran taya labari. Da aka gama aka jingina ƙyauren a bango, ya miƙe ba tare da an kama shi ba, ya cire malafarsa. Ya ce ya yi shekaru yana fitowa a matsayin mutumin nan, amma yau ne ya fara ganinsa.

Jiya Rigo ya ɗaura ƙyauren da hannunsa, ban sa shi ba. Motar ta koma hanya, ranar bikin kuma Don Ovidio ne a kujerar gaba zuwa Portobelo, matan coci har sun fara faɗan wadda za ta zauna kusa da shi. Ban sani ba ko baƙin jirgin ruwa za su ɗauki shata, wataƙila su wuce mu su hau wadda ke da yaro mai buɗaɗɗiyar riga, kuma in haka ta faru ba zan yi maka ƙarya ba, za mu ji a jikinmu. Na yarda da wannan. Rabin motar naka ne, ban taɓa musu ba, kuma ina ƙaunarka yadda na saba tun ina goya ka. Amma fuskar da ke ƙyauren nan yanzu launin Baba ce, launina ce, launin da kake gani ne in ka tsaya aske gemu. In har yanzu kana so a cire ta, kada ka aiko yaro, kada ka bugo waya. Ka hau jirgi ka zo, in kai ka Cativá, ka tsaya gaban tsohon nan ka gaya masa da bakinka cewa fuskarsa ta gaskiya ba ta kawo kasuwa. Ni dai ba zan kai masa wannan saƙon ba.

Ka gaishe mini da matarka Marva, ka ce mata maganin shafawar da ta aiko ya yi mini amfani. Ka gaida Yolanda da mijinta, da Winston in yana leƙo ku, da Gwaggo Pearl ta Queens. Gwaggo Ivy tana gaishe ka, Rigo da iyalinsa ma haka. Ubangiji Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Eudora