Baƙin Notin Injin Sassabe

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki? Ya bayan naka, ka fara zama ba tare da an tallafe ka ba? Na kira wayar Yaya sau biyu don mu gaisa, ya ce ya kara maka ita a kunne kana ta "iye, iye". Shekara arba'in ta ƙarar tarakta ta gama da kunnuwan nan, shi ya sa na koma takarda. Mai lorin da ke ɗaukar kaya zai riƙa kawo maka duk mako.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Ina bin abin da ka rubuta mini kafin a tafi da kai asibiti: kullum da safe in duba baƙin mai da ruwan lagireto, in kakkaɓe filtar iska, in matsa giris a wurare goma sha ɗaya. Garma da haro lafiyarsu ƙalau, man da ka shafe fayafayansu da shi bara ya hana su tsatsa. Injin shuka ne na tarar guntun taki ya daskare a cikinsa, na yi kwana biyu ina kankarewa da tsohon cokali.

Abin da ya ishe ni shi ne injin sassabe. Ciyawar gonar gangare ta kai ƙugu, ga kututture a ɓoye ko'ina. Notin nan da ke haɗa injin da sandar juyi ta bayan tarakta, jiya kaɗai sau shida ya karye. Duk karyewa sai na kashe tarakta, na sauko, na shiga ƙarƙashi da rarrafe, na fitar da guntun da guduma. Wallahi na gaji, Baba. Kai ma dai da ƙwauron nan naka, ka cika gwangwanin madara da baƙin noti mai arha wanda ko ƙyauren kaji bai kamata ya riƙe ba. Yau na sayo farin noti mai ƙarfi a shagon kayan mota, mai shagon ya ce ko tirela aka rataya masa ba zai lanƙwashe ba. Jibi zan ɗaura shi in huta.

Yaya ya sake yi mini maganar mai sayen tarakta. Na tuna masa ka ce a bar mini daminar nan tukuna. Ka gaishe shi da iyalinsa.

Taka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikis salam. Jiki da sauƙi, an gode Allah.

Kada ki ɗaura notin nan. Idan kin riga kin ɗaura, ki ajiye takardar nan ki je ki cire shi kafin ki karanta sauran.

Baƙin notin ba don arha nake sayen sa ba. An yi shi ne don ya karye. Idan wuƙar injin ta daki kututture ta tsaya cak, tarakta ba ta san an tsaya ba, juyi take ci gaba da yi. Dole wani abu ya ba da kai. In notin mai laushi ne, shi zai tsinke, kin yi asarar minti goma. In mai ƙarfi ne, dukan zai wuce shi ya faɗa kan haƙoran giya. Mai shagon kayan mota bai yi miki ƙarya ba, shi dai bai taɓa shiga gona ba.

Kuma wuraren giris goma sha biyu ne. Na manta da na ƙarƙashin haro ta hagu, ba a ganin sa, sai dai a laluba da yatsa. Ki ɗaga injin sassaben sama kaɗan, ki rage gudu, sau shida zai koma sau biyu. In na dawo zan nuna miki yadda ake gane kututture tun daga kalar ciyawa.

Ina zaune a ɗakin yayanki ina kallon fanka tana juyawa da boris ɗin da ya mutu, an hana ni hawa kujera in gyara. Allah ya sa mai lori ya riga ki.

Mahaifinki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. Abin ya faru tun Talata.

Da na ɗaura farin notin, na yi wuni guda cur ban sauko ba ko sau ɗaya, har ina tsara yadda zan yi maka tsiya a wasiƙa. Washegari da hantsi, kusa da tsohuwar rijiya, wuƙar ta daki wani kututture. Na ji ƙara kamar an fasa tukunyar ƙarfe, tarakta ta yi tsalle ta mutu. Da na sauko, mai yana tsiyaya daga akwatin giyar injin, akwatin ya tsage gida biyu. Notin kuwa yana nan fari tas, ko ƙwarzane babu. Na kira makanike, ya buɗe ya ce tarakta ita kanta ta tsira, amma akwatin ya tashi aiki, kuma irin wannan tsohon yayin sai an wahala kafin a samu. Rabin gonar gangare na nan da ciyawarta, ga ruwa yana ta sauka.

Zan faɗi abin da ke raina, ka yi haƙuri. Shekara nawa ina biye da kai a gonar nan ina miƙa maka sifana? Ka ji mu da Yaya muna dariyar gwangwanin nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kai ma kana taya mu. Magana ɗaya ce, Baba, da ka faɗe ta da an huta. Komai sai ka ce "matsa in yi". Yanzu ga shi na yi, ka ga abin da na yi.

Hannuwana duk sun farfashe, ƙamshin sabulu ya daina kama ni, ko'ina warin man gas. Da safe sai in zauna a bakin gado in kasa tashi. Ban taɓa gajiya irin wannan ba, kuma kunya ta fi gajiyar. In Yaya zai kawo mai sayen, ya kawo.

Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, kuma gaskiyarki ce.

Ki shiga sito, can ƙurya bayan tsofaffin tayoyi, ki ɗaga kwanon rufin da ke jingine. Za ki ga wani akwatin giya naɗe a buhu, irin naki sak. Ni na fasa shi, shekarar da aka haife ki, da farin noti mai ƙarfi da na sayo don na gaji da saukowa. Mahaifiyarki har ta rasu tana tsammanin injin ne ya zo da matsalarsa. Da zan bayyana muku amfanin baƙin noti, sai na faɗi yadda aka yi na sani, sai na zaɓi ku ce mini marowaci. Wannan laifina ne, kuma ke kika biya shi da gumi.

Nawa haƙoran ciki ne suka kakkarye, jikin akwatin bai tsage ba, kuma na cika shi da mai kafin in ɓoye. Naki jikin ne ya tsage. Ki kai wa makanike duka biyun, ki tsaya a kansa ya wanke su da kananzir, mai yiwuwa a fitar da guda ɗaya mai rai. Kafin nan garma da haro ba ruwansu da sandar juyi. Ki kafce gonar tudu ki shuka, kada ruwa ya wuce ki kina jiran gangare.

Saura magana ɗaya. Na rubuta miki cewa in na dawo zan nuna miki kaza da kaza. Tun kafin a sallame ni likita ya ce ni da hawa tarakta har abada, girgizarta kaɗai za ta kwance aikin da aka yi wa bayana. Na ji shi sarai, na nuna kamar kunnen ne. Zan dawo gida, amma kujera za a ajiye mini a bakin gona. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa na kasa rubutawa.

Yayanki ya kawo mai sayen jiya, mutumin kirki ne, har da lemo ya zo mini. Yayanki ba mugunta yake yi ba, tausayinki yake ji. Na ce musu a jira lorin mako mai zuwa. In kin sake rubuta cewa a sayar, zan sa hannu, kuma ba za ki taɓa jin wata magana daga bakina ba. Na san irin gajiyar da kike faɗa. Ni ban saurare ta ba, ga inda ta kwantar da ni. Ki huta kwana ɗaya kafin ki ba ni amsa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na huta kwana ɗaya kamar yadda ka ce. Gonar tudu ta shuku, masara ta fara leƙowa. Makanike ya haɗa akwati ɗaya daga biyun, yana ɗan kuka amma yana juyawa. Na gano wurin giris na goma sha biyu, ya bushe ƙamas.

Har yanzu a gajiye nake, kuma ban gama hucewa da kai ba. Jiya a gangare noti ya karye sau uku, na sauko sau uku.

Ka ba mai sayen haƙuri. Gwangwanin madara saura noti bakwai a ciki, ka rubuto mini inda kake sayo su.

Taka,
Auta